Duniyar da Yayana Ya Gina a Kwali Goma Sha Ɗaya

Ranar da makaranta ta yi wa yayana taron sallama, bayan shekara talatin da ɗaya yana wanke musu kwalabe, shugaban makarantar ya tashi ya yi magana ta minti biyu. Na duba agogo. Minti ɗaya a kan cewa Yaya bai taɓa makara ba, minti ɗaya kuma a kan cewa yanzu Ɗan Sama Jannatinsu zai samu lokacin komawa duniyarsa. Aka kwashe da dariya har da tafi. Yaya ma ya yi murmushi, don shi haka Allah ya yi shi. Ni ban yi ba. Na dawo gida raina a ɓace, na ce tunda babu mai faɗin abin da mutumin nan ya yi, ni zan rubuta, ko da iyakar karatuna sakandare ne, sana'ata kuma ɗinki.

Shekara tara ya ba ni. Aikinsa kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Shi ke fito wa ɗalibai da kayan aiki, shi ke wanke kwalabe bayan sun gama ɓarnarsu, shi ke kulle kabad ɗin sinadarai, shi ke canza tukunyar gas idan ta ƙare. Ya ci jarrabawar shiga jami'a, amma a shekarar mahaifinmu ya rasu ya bar mu huɗu a ƙasa da shi, sai ya ninke takardar ya nemi aiki. Ban taɓa jin ya yi mana gori ba.

Yana shekara ta biyar da fara aiki aka share laburaren makarantar. Aka tara tsofaffin littattafai a bayan gini za a cinna musu wuta, wai sun tsufa. Kamar ilimi madara ce da ke lalacewa. Yaya ya ari baro wajen mai shara ya kwaso cikinsa guda: littafin fiziks biyu, na labarin ƙasa mai taswirar iska da ruwan sama, na halittu wanda ba shi da bango, wani siriri da babu komai cikinsa sai jerin lambobi, da wani a kan taurari wanda wani marar tarbiyya ya yage masa shafuka daga tsakiya. Da waɗannan ya zauna ya fara tsara wata duniya da ke zagaya wani tauraro, ba ranarmu ba.

Kada ku ɗauka tatsuniya yake rubutawa. Da tatsuniya ce da ya gama a wata guda. Katuna yake yankawa daga kwalin alli, kowanne kamar tafin hannu, ya sa masa lamba, ya rubuta abu ɗaya tak a kai. Dokarsa ɗaya ce: kowane kati sai da uwa. A kusurwa yake rubuta lambar katin da ya haife shi. Ka ce akwai daji a wuri kaza, to ina katin ruwan saman da ke shayar da shi? Ina na iskar da ta ɗauko ruwan? Ina na tekun da ruwan ya taso daga cikinsa? Kati marar uwa ba ya shiga kwali, ko ya fi kowane kati kyau.

Kati na ɗaya kaɗai ne maraya. Shi ne tauraron. Ya zaɓi babba, mai nauyin ranarmu sau uku, fari mai ɗan shuɗi. Daga haskensa ya lissafo nisan da duniyar za ta tsaya don kada ruwanta ya tafasa ko ya daskare, ya samu ninki takwas na nisanmu da rana. Daga nisan ya fitar da tsawon shekararta: shekararmu goma sha uku. Ke nan sanyi ya fi shekara uku a can, zafi ma haka.

Ni ce mai kawo masa ragowar zare daga shagona, yana ɗaure katunan dami-dami. Ja na tauraro da duwatsu, shuɗi na ruwa da iska, kore na tsirrai, baƙi na dabbobi.

Duk Asabar da hantsi sai ya ja labulen ɗakin baya. Kwan fitila a kan sanda shi ne tauraro. Ƙwallon roba da ya soke da tsinken keke, ya ɗan karkata ta, ita ce duniya. Yana zagayawa da ita yana sa alama da biro inda haske ya tsaya. Don ya ga yadda iska ke tafiya a duniya mai juyawa, ya samo tsohuwar kujerar aski, ya ɗora baho cike da ruwa, ya sa gwangwanin ƙanƙara a tsakiya, ya ɗiga bula, yana juya kujerar a hankali. Bahon kuwa na matarsa ne.

“Malam, bahon wankina fa?”

“Yana aiki.”

“Ni ma ai aikin zan yi da shi. Wanki ya taru.”

“Minti goma, Maman yara. Zo ki ga yadda iska ke lanƙwasa.”

“Iskar ce za ta wanke maka rigar Litinin?”

Haka suke shekara da shekaru. Ta yi tsaki ta tafi, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da sabulu a hannu, wai jiran baho take.

Akwai wani maƙwabcinsu mai yin wa'azin da ba a tambaye shi ba. Ya tare Yaya a ƙofar gida ya ce ya ji labari wai halitta yake son yi. Yaya ya ce, “Ni da ko ƙuda ban iya ba? Tsarin da aka shimfiɗa nake bi in ga inda zai kai ni. Duk katin da na rubuta, tsoron Mai tsarin ke ƙaruwa a raina.” Da ni ya tara da ba wannan amsar zai samu ba.

Sai da ya shekara goma sha ɗaya a kan duwatsu da ruwa da iska kafin ya yarda ciyawa ta tsiro. Dabbobi kuwa sai daga baya can. Kowace dabba daga doguwar shekarar nan ta fito. Akwai masu-rumbu, gajerun dabbobi masu ƙafa shida da tozo biyu, su yi ta ci shekara uku suna tara kitse, sanyi na kawo kai su nutse cikin laka sai ya wuce. Akwai 'yan bin ɗumi, masu tashi a garke, ba su da gida, suna bin zafi daga wannan ƙarshen duniya zuwa wancan, a hanya ake haifarsu a hanya suke mutuwa. Akwai itatuwan da ba ganye kaɗai suke zubarwa ba, har rassa. Yana zana su, kuma gaskiya Yaya bai iya zane ba. Mai-rumbu kamar matashin kai ne da aka dasa wa ƙafafu. Na gaya masa. Ya ce ai shi ma mai-rumbun bai ce shi kyakkyawa ba ne.

Shekara ashirin da shida. Kwali goma sha ɗaya.

Shekara biyu da suka wuce ya fara zuba ruwa a gefen kwalba maimakon cikinta. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, magani zai rage mata gudu amma abin da ya tafi ya tafi. Ya koma ganin abu kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya sa hannu a takardar ritaya. Bai yi kuka a kan aiki ba. Damuwarsa ɗaya: kafin idon ya rufe, wanda ya san abin ya duba masa katunan ya gaya masa ko duniyar tana tsaye da ƙafarta.

Ba yau ya fara nema ba. Malaman kimiyya nawa suka shiga makarantar nan suka fita? Ɗaya ya karɓi dami guda ya riƙe zango ɗaya, ya dawo da shi da shatin kofin shayi a kan katin farko, zaren ma bai kwance ba. Wani ya ce, “Baba, ka bar wa masu digiri wannan.” Shi mai digirin, Yaya ne ke haɗa masa kayan gwaji ya nuna masa wayar da za ta shiga ina kafin ɗalibai su shigo. Sunan Ɗan Sama Jannati ma daga ofishin malamai ya fito, ba daga yara ba.

A zangonsa na ƙarshe aka kawo sabuwar malamar fiziks, yarinya ce, ba ta kai talatin ba. Kati ya faɗo daga aljihun Yaya ta tsinta ta karanta, ta tambaye shi lambar da ke kusurwa ta mece ce. Ya yi mata bayani. Ta ce za ta zo gida ranar Asabar. Na rufe shago na je, don ban yarda da ita ba. Na ce idan dariya ta kawo ta, za ta same ni.

Ba dariya ta kawo ta ba. Ta cire takalmi ta zauna a ƙasa, ta jawo kwali daga tsakiya. Awa uku tana karantawa tana danna lissafi a wayarta. Ta bi wani kogi daga bakin teku har dutsen da ya fito, uwa bayan uwa, ba ta samu inda ya yanke ba.

“Baba, wa ya koya maka wannan?”

“Baro ɗaya na littattafai, Malama.”

“Wallahi iskokin nan daidai suke. Mu sai a shekara ta uku aka koya mana.”

Na kalli fuskar Yaya. Tun ranar da aka haifi 'yarsa ta fari ban ga irin wannan fuskar ba. Shi ne da kansa ya ce, “To duba min tushen.” Ya laluba ya miƙa mata kati na ɗaya.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Sai na ga ta daina motsi.

“Baba, shekara nawa ka ba tauraron nan?”

“An ce ranarmu za ta yi biliyan goma. Wannan ya ninka ta uku a nauyi, sai na ba shi talatin.”

“A littafi ka gani?”

“A'a, wannan ai ba sai littafi ba. Shekara talatin ina canza tukunyar gas, 'yata. Babba ta fi ƙarama daɗewa.”

Ta sunkuyar da kai. Muryarta ta yi ƙasa. “Idan murhu ɗaya aka kunna ke nan, Baba. Babban tauraro kamar an buɗe duk murhunan ɗakin ne lokaci guda. Ga shi kai da kanka ka rubuta haskensa ya ninka na rana sau sittin da huɗu. Man ya ninka uku, cin ya ninka sittin da huɗu.”

Leɓen Yaya kawai ke motsi, yana raba uku da sittin da huɗu. Shi ya faɗi amsar, ba ita ba. “Ba zai kai shekara miliyan ɗari biyar ba.”

“Tamu duniyar kuwa,” in ji ta, “sai da ta kusa biliyan huɗu kafin wata dabba ta motsa a cikinta.”

Ya ce in ɗauko masa littafin taurari. Ya sa na buɗe inda aka yage. Daga shafi na ɗari da goma sha biyu sai na ɗari da talatin da ɗaya. Na duba jerin babuka a farko. Babin da ya ɓace shi ne na yadda taurari ke tsufa su mutu. Shekara ashirin da shida yana tsallake ramin nan, bai taɓa tunanin akwai abin da ya shafe shi a ciki ba, don yana ganin ya riga ya san amsar daga wurin aiki.

Na bi ta har ƙofar gida. Ba zan ɓoye ba, na wanke ta tas. Na ce, “Ke 'yar nan, ba ki da tausayi ne? Tsoho, ido na tafiya, me zai rage ki idan kin ce komai daidai ne ki sa takalminki ki tafi?” Hawaye suka cika mata ido. Sai ga muryar Yaya daga ciki: “Sarauniyar faɗa, dawo nan. Abin da na kira ta ta yi ke nan.”

Na koma na juye masa sauran. Na ce ya canza tauraron, ya sa ƙarami mai daɗewa. Ya ce ƙaramin tauraro sai duniya ta matso kusa, ta matso kusa shekara ta gajarce, babu sanyin shekara uku, to me mai-rumbu zai yi da tozo? Na ce to ya bar katin yadda yake, wa zai bincika?

“Duniyar ƙarya ce fa, Yaya! Babu ita!”

“Babu ita,” ya ce, “amma ba ta ƙarya ba ce. Duk wahalar da kika ga ina sha, don kada ta zama ta ƙarya ne.”

Mako guda bai shiga ɗakin baya ba. Ya je aiki ya dawo, ya ci abinci, ya zauna a tsakar gida. Matarsa ta kira ni ta ce ko bahon bai taɓa ba, ita abin ya fara ba ta tsoro. Ranar Asabar ya aiko in zo da almakashi.

Ya riga ya yanke hukunci. Tauraron zai zauna yadda yake, a gyara masa shekarunsa. Duk katin da zai iya rayuwa a ƙarƙashin wannan gyaran ya zauna, wanda ba zai iya ba ya fita. Ni ke karanta kati da lambar uwarsa, shi ke cewa “zauna” ko “fita”. Duwatsu suka zauna, don ba sa bukatar biliyoyin shekaru. Teku ya zauna, iska da ruwan sama da koguna suka zauna. Da muka iso koren zare sai “fita” ta fara, ba ta kuma tsaya ba. Asabar uku muka yi. Wasu katunan ba ya bari in gama karantawa, ya san su da ka. Muryarsa ba ta rawa. Ni ce ke jinkirin ajiye kowane kati, ni da na shekara ashirin ina ce masa ya nemi abin yi.

Muna kan baƙin zare matarsa ta shigo, ba sallama, ta tsaya a kanmu.

“Malam, masu-rumbun ma?”

“Su ma.”

“Duka? Har mai ɗingishin nan da ka zana ranar da Auta ta fara tafiya?”

“Ba ɗingishi yake ba, biro ne ya zame.”

“Ni dai na san yana ɗingishi. Shekara nawa ina haƙuri da rashin baho saboda su, yanzu ka ce babu su? Me suka yi maka?”

“Ba su da lokacin da za su zo, Maman yara.”

Ta durƙusa ta kwance damin da kanta, ta bi katunan ɗaya-ɗaya har ta same shi. Ashe ta san inda yake. Ta riƙe shi a ƙirji tana hararar mijinta kamar zai ƙwace.

Ya ce, “Ki ajiye a ɗakinki. Amma ba a kwali ba.”

Kwali huɗu suka rage. Sauran bakwai ya ce in fitar masa da su daga gidan, duk yadda na yi da su daidai ne. Suna shagona a ƙarƙashin teburin yanka, na rufe su da leda. Wanda ya ga dama ya ce na saɓa masa.

A tsakiyar waɗannan makonnin aka yi taron sallamar da na faɗa. Yanzu kun san abin da ke cikin zuciyar mutumin da suke yi wa dariya.

Bayan wata guda Malama ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe, tana ganina ta ja da baya. Ta zo da littafin taurari sabo, shafukansa cikakku, da wasu takardu da ta bugo masa da manyan baƙaƙe don ya iya gani. Ban ba ta haƙuri ba, ban iya ba. Na dai haɗa mata shayi na sa mata madara da yawa, ta gane.

Ta ga kwali huɗu a jikin bango. Ta ce, “Baba, ka yafe min.”

“Zauna, 'yata. Ina da tambaya. A tamu duniyar, kafin dabba, kafin ciyawa, abu mai rai na farko, yaushe ya fara?”

“Ba a tabbatar ba. Amma da wuri ne. Wasu na ganin cikin 'yan ɗaruruwan miliyoyin shekarun farko. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, sai sun taru su yi kamar yauƙi a kan dutse.”

“Ke nan zai iya samun lokaci.”

“Zai iya. Amma hasken tauraronka yana ƙuna. Sai dai a ƙarƙashin ruwa.”

Ya juyo inda yake jin numfashina. “Ɗauko sabon kati. Rubuta: yauƙi a jikin duwatsu, ƙarƙashin ruwa, a gaɓar tekun kudu. Uwarsa kati na ɗari huɗu da bakwai. Ki fara da ‘wataƙila’, kuma ki rubuta ta da girma.”

Na rubuta. Ya ce in karanta masa, na karanta. Ya gyaɗa kai.

Matarsa na tsakar gida tana shanya, ashe kunnenta na wajenmu. Ta ɗaga murya: “Yana da ƙafafu?”

“Babu.”

“To ku kira ni idan ya yi ƙafafu.”

“Ba zai yi ba, Maman yara.”

Muka ji ta kaɗe wani zane da ƙarfi ta rataya. Yaya ya ɗan jira, sannan ya tambayi Malama zurfin ruwan da zai isa ya tare hasken, ya ce min in yanko wani katin.